Kogin da aka daina zuba wa kifi, kifinsa ya ƙaru

A ƙasar Amurka, cikin jahar Montana, akwai wani kogi da ake kira Madison. Shekara da shekaru ma'aikatan hukuma suna zuwa bakinsa da kamyo cike da kifin kiwo, suna juyewa cikin ruwa domin masu fatsa su samu abin kamawa. A shekarar 1970 aka tsayar da wannan zubi a wani yanki na kogin. Mutanen wurin suka ɗauka an kashe musu sana'a ke nan. Bayan shekara huɗu da aka ƙidaya, sai aka tarar kifin yankin ya fi na dā yawa, ya kuma fi shi girma.

Kifin da ake magana a kansa shi ne wanda Faransawa suke kira turwit. Babu shi a Nijar, kuma ba zai rayu a nan ba, domin ruwan kogin Isa da na tabkin Madarunfa sun yi masa zafi. A duk faɗin Afirka, wurin da aka same shi ɗan asali shi ne duwatsun Atlas na arewa, musamman a Maroko. Kifin ruwan sanyi ne. Ya fi jin daɗi idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 10 da 16. In ya haura 20 kifin ya fara wahala, in ya kai wajen 25 ya daɗe a haka, sai mutuwa. Dalili shi ne ruwan sanyi ya fi ruwan ɗumi riƙe iskar da kifi yake shaƙa, shi kuwa turwit mai buƙatar iska ne ƙwarai.

Yadda yake haihuwa ma ya ɗaure shi ga kogi. Macen takan nemi wuri mai tsakuwa inda ruwa yake gudu, ta kwanta a gefe ɗaya, ta riƙa bugun ƙasa da wutsiya har ta haƙa ɗan rami. Ta zuba ƙwai, namiji ya zuba nasa ruwan, sa'an nan ta rufe da tsakuwa. Ƙwan yakan yi makonni, wani lokaci watanni, a cikin tsakuwar nan, ruwa yana ratsawa yana kai masa iska. Idan laka ta sauko daga gonaki ko daga gaɓar da ta zube ta toshe tsakanin duwatsun, ƙwan ya mutu, ko da kuwa ruwan sama-sama yana nan garau. Saboda haka kogi yana iya zama da kyan gani alhali ya daina haifar kifi.

Zamanin kamyo

Kogin Madison yana tasowa ne daga gandun dajin Yellowstone, inda rafuka biyu, Firehole da Gibbon, suka haɗu. Daga nan ya nufi arewa, tafiyar kusan kilomita 300, har ya haɗu da wasu koguna biyu su zama kogin Misuri. Matafiyan nan Lewis da Clark su suka raɗa masa suna a 1805, sunan James Madison wanda yake sakataren harkokin waje a lokacin. Ƙasa ce ta duwatsu da ƙanƙara da makiyayan shanu. Jahar tana da faɗi, amma mutanenta ba su wuce miliyan ɗaya da ƴan kai ba.

Kamun kifi a can ya bambanta da su irin na masuntan Gaya ko na Tabalak. Ba a jefa taru, ba a kai kifi kasuwa. Baƙi ne suke zuwa daga birane da sandar fatsa domin nishaɗi, kuma a yau yawancinsu sukan cire ƙugiya su mayar da kifin cikin ruwa. Amma kuɗi yana shiga. Baƙon zai kwana a otal, ya ci abinci, ya sayi kayan fatsa, ya ɗauki mai jagora da kwalekwale. Ƙaramin gari irin Ennis, da yake bakin Madison, rabin cinsa yana wurin shanu, rabi yana wurin kifi.

Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 hukumomin Amurka suka gina gidajen ƙyanƙyasar kifi. Bayan yaƙin duniya na biyu aikin ya bunƙasa: ana kiwon turwit cikin kwalbatin siminti har ya kai girman kamawa, sa'an nan a ɗauke shi a kai kogi. Lissafin mai sauƙi ne ga kowa. Kogi yana da kifi dubu, an ƙara masa dubu, ya zama dubu biyu. Mai otal yana ganin kamyon da idonsa, ɗan majalisa yana da adadin da zai faɗa wa jama'a, ma'aikaci yana da abin da zai rubuta cikin rahoton shekara. Abin da ba a yi ba shi ne komawa kogin a ƙidaya abin da ya saura.

Ma'aikacin da ya ƙidaya

A 1966 ma'aikatar kifi da namun daji ta Montana ta ɗauki wani saurayi masanin kifi, Dick Vincent, wanda ya tashi a wannan yanki. Aikinsa na farko shi ne gyara hanyar ƙidayar kifi a manyan koguna. Ana saka wutar lantarki ƴar kaɗan cikin ruwa daga kwalekwale, kifi ya suma na ɗan lokaci, a kwashe shi da koma, a auna tsawonsa da nauyinsa, a yi masa shaida a fiffike, a sake shi. Bayan mako ɗaya ko biyu a dawo a sake kamu a wuri guda. Misali, in an yi wa kifi 100 shaida, aka dawo aka kama 100, aka tarar 20 ne masu shaida a cikinsu, to an san waɗanda aka yi wa shaida kashi ɗaya ne cikin biyar, watau kifin wurin zai kai 500.

Abin da aka sa shi bincike tun farko ruwa ne. A saman kogin akwai madatsar ruwa, barajin Hebgen, wanda ake riƙe ruwa a cikinsa domin wutar lantarki, kuma a wasu watanni ana rage ruwan da yake sauka har kogi ya janye. Wajen ƙarshen shekarun 1960 aka daidaita da masu barajin suka ƙara sakin ruwa. Vincent ya ƙidaya a yankuna biyu. A yankin Norris kifi ya ƙaru kamar yadda ake tsammani. A yankin Varney bai motsa ba. Kogi ɗaya, ƙarin ruwa ɗaya, sakamako biyu. Da ya duba bambancin wuraren, sai ya ga abu guda: Varney ake zuba wa kifin kiwo kowace shekara, Norris ba a zuba masa.

Daga nan aka shirya gwaji a 1970. Aka hana zubi a Varney. Aka bar Norris yadda yake. Aka kuma ɗauki wani yanki na rafin O'Dell, reshen Madison wanda ba a zuba wa kifi, aka fara zuba masa.

Mutanen Ennis ba su karɓi maganar da sanyi ba. An yi tarurruka masu zafi, an zargi ma'aikatar da neman kashe garin. Kuma ba za a ce ba su da hujja ba: mutumin da ya ci bashi ya gina otal, aka ce masa za a daina kawo abin da yake jawo baƙinsa saboda lissafin wani yaro ma'aikaci, dole hankalinsa ya tashi. Cikin ma'aikatar ma akwai waɗanda aikinsu duka yana gidan ƙyanƙyasa. Abin yabo ga shugabannin ma'aikatar shi ne sun bar gwajin ya kai ƙarshe.

Sakamakon ya fito fili. A Varney, bayan shekara huɗu ba zubi, manyan turwit masu ruwan ƙasa, haifaffun kogi, suka ninka fiye da biyu. Irin da ake kira mai bakan gizo, saboda jan layin da yake gefensa, ya ninka wajen sau takwas. A O'Dell kuwa, shekara uku na zubi suka rage manyan kifayen rafin da kusan rabi.

Bayanin da masana suka bayar yana cikin halin kifin. Turwit ɗan kogi yana da mazauni. Kowane kifi ya san dutsen da yake fakewa bayansa, inda ruwa ba ya da ƙarfi amma yana kawo masa ƙwari har baki. Babba yana da wuri mafi kyau, ƙarami yana bayansa, kowa ya san matsayinsa, ba a ɓata ƙarfi wajen faɗa. Kifin kiwo ya tashi cikin cunkoso, inda abinci yake faɗowa daga sama kuma mai ture ɗan'uwansa shi yake ci. In aka juye dubbansa cikin kogi rana ɗaya, sai su bi ko'ina suna kutse, su tayar da ƴan gida daga mazauninsu. Ɗan kogin ya ƙare ƙarfinsa wajen kora, ko ya bar maɓoyarsa ya faɗa bakin tsuntsu. Su baƙin kuma ba su iya zaman kogi ba, kafin shekara ta kewayo yawancinsu sun mutu. An biya kuɗi an kawo kifin da ba zai rayu ba, shi kuma ya tafi da wanda yake rayuwa kyauta.

A 1974 jahar Montana ta daina zuba kifin kiwo a kogunanta da rafukanta. Ba a rufe gidajen ƙyanƙyasa ba, an juya aikinsu zuwa tabkuna da ruwan baraji, inda sau da yawa babu tsakuwar da kifi zai haihu. Wannan bambanci yana da amfani ga mai karatu a Nijar, inda ma'aikatan gandun daji suka daɗe suna zuba karfasa da tarwaɗa cikin tabkuna. Tabkin da ya ƙafe ya sake cika, ko wanda ba shi da kifi tun asali, ba shi da ƴan gidan da za a tayar, zubi a cikinsa alheri ne. Abin da aka gano a Madison ya shafi ruwan da yake haifar kifinsa da kansa.

Ruwa, gaɓa da inuwa

Da aka daina dogara ga kamyo, sai ido ya koma kan kogin kansa. In kifi ya ragu yanzu, ba a iya rufe ɓarnar da zubi, tilas a nemi inda ta fito.

An riga an aza harsashi kafin wannan lokaci. A 1963 majalisar jahar ta kafa dokar kare rafuka, saboda masu gina hanyoyi suna miƙar da koguna, suna yanke kwana-kwanansu domin rage kuɗin gada. Kogin da aka miƙe yakan zama kamar lambatu: ruwa yana gudu da ƙarfi, babu zurfi, babu maɓoya. Dokar ta tilasta wa ma'aikatun gwamnati su shawarci masanan kifi kafin su taɓa gadon rafi. A 1975 aka yi wata doka da ta haɗa har da mutum mai gonar kansa.

Maganar ruwa ta fi wuya. A yammacin Amurka ƙa'idar ita ce wanda ya riga janye ruwa zuwa gonarsa shi ya fi haƙƙi, ruwan da aka bari yana gudu kuwa ba na kowa ba ne. Cikin fari manoma suna iya janye rafi har ya bushe ba su karya doka ba. A 1969 aka ba ma'aikatar kifi ikon rubuta haƙƙin ruwa da sunan kifi a koguna 12, har da Madison. Haƙƙin yana bayan na tsofaffin gonaki, amma ya hana sababbin masu janyewa su kwashe abin da ya rage.

Sauran aikin na hannu ne, kuma ba ya ƙarewa. Shanu in suka yi yawa a bakin rafi sukan cinye ƙananan itatuwan da suke riƙe gaɓa, su tattake ta har ta zube. Rafin ya faɗaɗa, ya rasa zurfi, rana ta dafa shi, laka ta rufe tsakuwa. Maganin shi ne shinge a wasu wurare, mashaya ta dabam domin dabbobi, da dasa itace domin inuwa. Rafin O'Dell, wanda aka yi gwajin 1970 a cikinsa, ya ga wannan ma. A shekarun 1950 an haƙa masa magudanai domin a busar da fadamarsa a samu makiyaya. Tun daga 2005 masu filin da hukumomi suka shiga cike magudanan, suna mayar wa rafin kwana-kwanansa kilomita bayan kilomita. Fadamar ta sake jiƙa, tsuntsaye suka dawo, kuma ba a kori shanu daga filin ba.

Cutar juwa

A watan Disamba na 1994 aka tabbatar da wata cuta a saman Madison. Wata ƙwaya ce da ido ba ya gani, tana rayuwa tsakanin kifi da wata ƴar tsutsa ta cikin laka. Tana cin guringuntsin ƴaƴan kifi tun ƙashinsu bai yi ƙwari ba, kai da baya su lanƙwashe, ɗan kifin ya riƙa juyawa yana bin wutsiyarsa har ya mutu. Asalinta daga Turai ne, ta shiga Amurka a shekarun 1950, kuma ɗaukar kifin kiwo daga wuri zuwa wuri yana cikin abin da ya baza ta. A wasu sassan kogin turwit mai bakan gizo ya ragu da kusan kashi 90 bisa 100. Mai ruwan ƙasa, wanda shi ma daga Turai yake kuma ya saba da ƙwayar, bai ji jiki sosai ba.

Nan aka gwada ko hukuma ta yarda da abin da ta koya. Hanya mafi sauƙi ita ce a dawo da kamyo, jama'a su ga ana yin wani abu. Ba a dawo da shi ba. Aka ƙyale waɗanda suka tsira su haihu, kuma cikin shekarun 2000 kifin ya farfaɗo a hankali, ko da yake ƙwayar tana nan cikin kogin.

Ɗan kogi da ɗan asali

Akwai wata magana da masu yabon Madison ba su cika son tayarwa ba. Kifayen nan biyu da aka yi wannan gwagwarmaya dominsu, haifaffun kogin ne, amma kakanninsu baƙi ne. Mai ruwan ƙasa ƙwansa aka kawo daga Jamus a 1883, ya iso saman Madison wajen 1890. Mai bakan gizo daga kogunan da suke gangarawa tekun Pasifik aka ɗauko shi. Ɗan asalin wurin shi ne turwit mai jan maƙogwaro, wanda Lewis da Clark suka gani a kogin Misuri a 1805. Baƙin suka ƙwace masa abinci da mazauni, mai bakan gizo kuma ya riƙa barbara da shi har jininsa ya gauraye. A wannan yanki tsantsarsa ta koma ƴan ƙananan rafuka a kan duwatsu.

Domin a ba shi wuri, aka zaɓi rafin Cherry, wani reshen Madison da yake ratsa filin attajirin nan Ted Turner, wanda ya kafa gidan talabijin na CNN, kuma shi ya ɗauki mafi yawan kuɗin aikin. Rafin yana da gangare mai tsawo inda ruwa yake faɗowa, kifi ba ya iya hawa daga ƙasa. Tsakanin 2003 da 2010 aka zuba maganin kashe kifi a saman gangaren, yanki bayan yanki, tsawon kusan kilomita 100, aka share baƙin, aka kawo ƙwan ɗan asali aka sa cikin rafin. Mutane da yawa sun ƙi wannan aiki, har an je gaban shari'a, kuma ba abin mamaki ba ne: zuba guba a ruwa laifi ne ga masunci a ko'ina, ga shi hukuma da kanta tana yi. Amma mai jan maƙogwaro ya kama wurin, yana haihuwa da kansa. A babban kogin kuwa babu mai shirin korar baƙin, garin Ennis da su yake ci.

Zafi, da daren da ruwa ya janye

Abin da ya fi damun masu kula da kogin a ƴan shekarun nan shi ne zafi. Ƙanƙarar duwatsu tana narkewa da wuri, ruwan bazara yana raguwa yana ɗumi. Kifin da aka kama cikin ruwan ɗumi, ko an sake shi, sau da yawa ba ya tashi. Saboda haka ma'aikatar tana da ƙa'ida: in zafin ruwa ya kai wajen digiri 23 kwana uku a jere, ana iya hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare. Ƙasan Madison yana cikin wuraren da wannan hani ya fi faɗa wa.

Wani lokaci kuma haɗarin na dare ɗaya ne. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 wani ƙarfe ya karye a ƙofar barajin Hebgen, ƙofar ta sauka, ruwan da yake fita ya ragu da fiye da rabi. Lokacin ya zo daidai da ƙwan turwit mai ruwan ƙasa yana kwance cikin tsakuwa. Gefen kogi ya bushe, ƙananan kifaye suka maƙale cikin ƴan kududdufai. Hukuma ta rufe fatsa a saman kogin. Da labari ya bazu, mutane suka fito daga Ennis da garuruwan kewaye, masu jagora da masu kantin kayan fatsa da sauran jama'a, da bokiti da koma, cikin sanyin hunturu, suna tsintar kifi ɗaya-ɗaya suna kai shi inda ruwa ya saura. Masu ninƙaya suka shiga ƙarƙashin barajin suka gyara ƙofar, ruwa ya dawo bayan kusan kwana biyu. Ƙwan da yake wuraren da suka bushe kuwa ba a iya kwashe shi da bokiti, an bar shi cikin tsakuwa har ruwan ya sake rufe shi.